Zaɓen Bindigar Ƙusa Mai Aiki da Iska: Darasi ga Masu Ƙera Akwatin Lasifikar Mota da Faiba

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin masu sana'ar ƙera akwatunan lasifikar mota da faiba, da kafintoci da masu ɗinkin kujerun mota waɗanda ke da niyyar shiga wannan sana'a, da kuma yaran da ke koyo a hannunsu. Abin da darasin ya ƙunsa shi ne yadda mutum zai zaɓi bindigar ƙusa mai aiki da iska wadda ta dace da aikinsa, da yadda zai gwada ta tun bai biya kuɗi ba, da yadda zai riƙe ta ba tare da ta cuce shi ba.

Sau da yawa mutum yakan tafi kasuwa ya ce a ba shi bindiga mafi ƙarfi, ko mafi araha, ya saya, sa'an nan ya komo rumfarsa ya tarar tana yaga masa yadi tana tsaga masa katako. Dalili kuwa shi ne ya fara daga inda ya kamata ya ƙare. Ga ƙa'idar da za a riƙe: aiki shi ke nuna irin ƙusar da za a buga, ƙusa ita ke nuna irin bindigar da za a saya, bindiga kuma ita ke nuna irin injin iskar da za a haɗa ta da shi. Wanda ya bi wannan jeri ba zai yi asarar kuɗinsa ba.

1. Asalin Aikin Faiba

Abin da ma'aikata ke kira faiba zaren gilashi ne siriri ƙwarai, wanda ake saƙawa ko a shimfiɗa shi kamar tabarma. Akan jiƙa shi da wani ruwa mai kauri mai danƙo da ake kira rezin. In an zuba wa rezin ɗin maganin daskarewa, sai ya yi zafi, ya daskare, su haɗu da zaren su zama abu guda mai tauri marar nauyi.

A Amurka aka gano hanyar yin wannan zare da yawa cikin shekarun 1930, kuma a 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning domin sana'anta shi. A 1953 aka fito da motar Chevrolet Corvette, wadda aka yi jikinta da faiba maimakon ƙarfe. Rediyon mota kuwa ya riga haka, gama tun 1930 aka fara sayar da irin wanda ake kira Motorola. Da kayan kiɗan mota suka bunƙasa, lasifikoki suka ƙara girma, sai masu sana'a a can suka ga akwatin katako mai kusurwa huɗu yana cinye but ɗin mota, kuma ba ya shiga lungu. Faiba kuwa tana bin kowace irin siffa, ko gefen but, ko gurbin da ake ajiye tayar safaya, ko ƙasan ƙofa. Daga nan sana'ar ta yaɗu zuwa sauran ƙasashe.

2. Inda Bindiga Ke Shiga Cikin Aikin

Ba a iya sanin irin bindigar da ta dace sai an san abin da ake nema ta yi. Ga yadda aikin yake tafiya.

Da fari akan yanka gindin akwatin da zoben da lasifika za ta zauna a kai. Yawanci da katakon MDF ake yin su, watau katakon da ake yi da garin itace a gauraya da gam a matse shi da inji. Kaurinsa yakan kai milimita 12 ko 18. Sa'an nan a kafa zoben bisa 'yan sanduna, a karkata shi yadda ake so lasifika ta fuskanta. Wannan shi ne ƙwarangwal ɗin akwatin.

Na biyu, akan kawo yadi mai miƙuwa, irin wanda 'yan kasuwa ke ce wa mai roba, mai ɗan kauri kamar na rigar sanyi, a lulluɓe ƙwarangwal ɗin da shi, a ja shi ya ɗame kamar yadda ake ɗame fatar ganga. A nan ne ake buga ƙusa, a kewayen zobe da kewayen gindi, don yadin ya tsaya yadda aka ja shi.

Na uku, a kwaɓa rezin da maganin daskarewa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, watau mililita 10 zuwa 20 ga kowace lita, a shafa wa yadin da burushi har ya sha. In ya daskare sai ya zama ɓawo mai tauri. Bayan haka a bi shi da shimfiɗun faiba har ya yi kaurin da ba zai yi rawa ba sa'ad da lasifika ke bugawa. Daga ƙarshe a shafa foti, a goge, a yi fenti ko a rufe da leda ko kafet.

To, a lura da mataki na uku. Yadin da ya sha rezin yana ƙara nauyi, rezin kuma yana ɗan tsukewa sa'ad da yake daskarewa. Saboda haka duk nauyin da jan suna komawa kan ƙusoshin. In wasu suka saki a wannan lokaci, yadin zai saki jiki ya yi tattara, ya daskare a haka. Babu mai iya mai da shi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya rage wa mai aiki sai ya cike ramin da foti mai yawa, wanda ke ƙara nauyi kuma yakan tsage da girgizar mota, ko kuwa ya fasa aikin ya sake sayen rezin. Ƙusar da ba ta kai komai ba ita ce ta jawo wannan asara.

3. Dalilin Fifita Mai Aiki da Iska

Ƙusar da ake magana a kai ita ce mai ƙafa biyu, wadda wasu ma'aikata ke kira fil. Bindigogin da ke buga ta iri uku ne: ta hannu, da ta lantarki, da ta iska.

Ta hannu da sifirin take aiki, ƙarfin mutum ne ke ɗana ta. Fuskar katakon MDF tana da tauri, don haka sau da yawa ƙusar ba ta shigewa duka sai an danne bindigar da hannu biyu. Alhali kuwa a wannan aiki hannu ɗaya yana riƙe da yadi yana ja, ɗayan ne kaɗai ke bugawa. Ga kuma yawan ƙusoshin. Alal misali, lasifika mai inci 12 zobenta yakan kai faɗin santimita 35, kewayensa ke nan wajen santimita 110. In ana buga ƙusa a kowace santimita, zoben kaɗai zai ci ƙusa 110. In kewayen gindin ya kai santimita 250, jimla ta zama ƙusa 360 a akwati guda. Hannu yakan gaji tun ba a yi rabi ba, in ya gaji kuwa ƙusoshin sai su riƙa tsayawa a karkace.

Ta lantarki ta fi ta hannu sauƙi, amma ƙananan da aka fi samu a kasuwa sukan kasa nutsar da ƙusa a katako mai tauri, kuma bakinsu yana da kauri, ba ya shiga lungu.

Ta iska kuwa ga yadda take aiki. In an ja kunama, sai bawul ya buɗe, matsattsiyar iska ta tura fistan, fistan ɗin kuma yana ɗauke da wani siririn harshe na ƙarfe wanda ke ɓantaro ƙusa ɗaya daga jeri ya kora ta cikin katako. Sa'an nan iska ta mai da fistan ɗin mazauninsa. Da yake babu mota a cikinta, ba ta da nauyi, ƙanananta wajen kilo 1 ne. Bugunta na farko da na ɗari biyar duk ɗaya ne muddin iska ba ta ragu ba, kuma ana iya ƙara ƙarfin bugun ko a rage shi.

4. Sanin Ƙusa

Abu uku ake dubawa a jikin ƙusa mai ƙafa biyu: kaurin wayarta, da faɗin kafaɗarta, da tsawon ƙafafunta.

Kaurin waya da geji ake faɗarsa, kuma lissafinsa a juye yake: gwargwadon girman lamba, gwargwadon sirantar waya. Geji 22 ya fi geji 20 siranta, geji 20 kuma ya fi geji 18. Siririyar waya ba ta tsaga katako, ba ta kuma yin tudu a ƙarƙashin rezin. Wannan yana da muhimmanci a gefen katakon MDF, gama gefensa ba shi da ƙarfin fuskarsa, ƙusa mai kauri takan shiga ta raba shi kamar an sa gizago.

Kafaɗa ita ce ƙarfen da ke haɗa ƙafafun biyu, ita ce kuma ke danne yadi. In tana da faɗi sai ta rarraba jan bisa zaruruwa da yawa. In ta yi ƙunci sai jan ya taru wuri guda, ta huda yadin ta wuce. Don yadi ana bukatar kafaɗa mai faɗin milimita 9 zuwa 13.

Tsawon ƙafa kuwa, milimita 6 zuwa 10 ya isa wajen kama yadi a katakon MDF. Doguwar ƙafa ba ta ƙara amfani a nan, sai dai ta lanƙwashe ko ta tsaga zobe. A jikin katako fale-fale irin na bayan ƙofar mota, wanda kaurinsa bai fi milimita 3 ko 4 ba, wajibi ne a auna ƙafar da kaurin katakon da na ledar tukuna, don kada ta ɓullo ta fuska.

Ga dangogin ƙusa da aka fi sani, da lambobin da akan rubuta a jikin kwalinsu da jikin bindigoginsu:

Dangi na 71: geji 22, faɗin kafaɗa wajen milimita 9. Bindigarsa akan rubuta mata 7116, watau tana ɗaukar dangi na 71 har zuwa tsawon milimita 16. Ita ce ta masu ɗinkin kujeru, ita ce kuma ta fi dacewa da kewayen zobe da wurare masu lanƙwasa.

Dangi na 80: geji 21, faɗin kafaɗa wajen milimita 13. Bindigarsa 8016. Tana riƙe yadi mai kauri da kafet sosai, amma faɗinta yakan hana ta zama daidai a ƙaramar lanƙwasa.

Dangin da bindigarsa ke da lamba 1013J: geji 20, faɗin kafaɗa wajen milimita 11, tsawo har milimita 13. Wayarsa ta fi ta 71 faɗi, ba ta saurin yanka leda.

Dangin T50 na kamfanin Arrow: geji 20, waya mai faɗi, kafaɗa wajen milimita 10, tsawo daga milimita 6 zuwa 14. Asalinsa na bindigar hannu ne, amma akwai bindigogin iska da ke ɗaukarsa.

Duk waɗannan huɗu suna yin aikin yadi. Akwai kuma waɗanda ba sa yi. Ƙusa mai ƙunƙuntar kafaɗa, wajen milimita 5 zuwa 6, irin ta bindiga 422J ko ta geji 18, ta haɗa katako da katako ce. Haka nan siririyar ƙusa mai ƙafa ɗaya ta bindiga F30, ba ta da kafaɗar da za ta danne yadi sam. Suna da amfani wajen haɗa ƙwarangwal, inda suke riƙe katako kafin gam ya bushe, amma wanda kuɗinsa bai kai na bindiga biyu ba ya sayi ta yadi, ya haɗa ƙwarangwal ɗinsa da gam da sukurori.

Lalle a kiyaye wannan: yawancin bindigogi dangi ɗaya suke ci. Ƙusar 71 da ta T50 suna kama da juna a ido, amma in an sa wa bindiga wadda ba tata ba sai ta riƙa maƙalewa, har ta ci bakin harshen ƙarfen. Saboda haka tun kafin a sayi bindiga, mai sana'a ya zaga shagunan garinsu ya ga wane dangi ne ake samu kullum, a tsawon da yake bukata. Bindiga mai tsada wadda ba a samun ƙusarta sai an yi aike nesa ba ta fi guduma amfani ba.

Game da tsatsa, ƙusar da aka yi wa rufin tutiya ta isa, tun da rezin zai lulluɓe ta. Inda ruwa ke iya taɓa ƙusa, kamar cikin ƙofa, gara a nemi ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

5. Abin da Za a Duba a Jikin Bindiga

Bayan an tsai da dangin ƙusa, sai a duba waɗannan abubuwa.

Baki. Akwai mai gajeren baki, akwai mai dogon baki wanda ya kai wajen milimita 50. Akwatin faiba cike yake da lunguna, musamman ƙarƙashin zobe da inda aka nutsar da lasifika cikin gurbi. Dogon baki siriri yana kaiwa can, kuma mai aiki yana ganin inda ƙusa za ta sauka. Ƙwararru sukan sassaƙa ɗan gurbi a kewayen zobe da injin sassaƙa, su buga ƙusoshin a ciki, don kada su yi tudu in an zo gogewa. Bakin bindiga sai ya zama siririn da zai shiga wannan gurbi.

Kunama. Manyan bindigogin kafinta suna da wani ƙarfe a baki wanda ba sa tashi sai an danna shi a jikin katako. Da yawa daga ƙananan bindigogin masu kujeru ba su da shi, da an taɓa kunama sai ƙusa ta fita, ko da bakin yana kallon sama. Wasu an yi musu kunama biyu, sai an ja ta farko ta biyu ke motsi, wasu kuma ɗan makulli. Wanda ke da yara masu koyo a rumfarsa ya nemi mai ɗaya daga cikin waɗannan.

Gidan ƙusa. Wanda ake buɗewa ta ƙasa ya fi sauƙin lodi da sauƙin cire ƙusar da ta maƙale. In akwai ɗan tagar da ke nuna saura nawa, ya fi kyau, gama bugun bindiga babu ƙusa yana lahanta ta, yana kuma huda yadi a banza.

Mafitar iska. Bayan kowane bugu bindiga takan fitar da iska, tare da ɗan feshin mai. In mafitar tana fuskantar aiki, man zai sauka kan yadi da katako. Rezin ba ya kama wuri mai maiƙo, fenti kuma yakan yi 'yan ramuka a kansa. A nemi wadda ke fitar da iska ta baya, ko wadda ake iya juya mafitarta, ko kuwa irin da aka ƙera ba ta bukatar mai.

Kayan gyara. Abubuwan da suka fi lalacewa uku ne: zobban robar da ke tsare iska, da harshen ƙarfe, da robar da fistan ke dira a kai. A tambayi mai shago ko yana sayar da su. Akwai bindigogin Jamus irin su BeA, da na Amurka irin su Senco, da na Italiya, da na Sin masu sauƙin kuɗi. Mai aiki kullum ya fi kyau ya sayi mai ƙarko, mai yin akwati ɗaya ko biyu a wata kuwa matsakaiciya ta ishe shi. Amma ko wace iri ce, wadda ake samun kayan gyaranta a kusa ita ce ta ƙwarai.

6. Injin Iska

Ƙananan bindigogin nan ba su da cin iska. Yawancinsu suna aiki tsakanin psi 60 da 100, watau wajen bar 4 zuwa 7, gama bar 1 daidai yake da psi 14.5. Ƙaramin kwampireso mai tankin lita 24 ya isa, har da saura. Wani amfanin tanki kuma shi ne, in an cika shi sa'ad da akwai wuta, yana iya buga ƙusoshi masu dama bayan an ɗauke ta.

Sai dai irin wannan tanki yakan cika har bar 8, wajen psi 116 ke nan, abin da ya zarce iyakar yawancin ƙananan bindigogi. Don haka wajibi ne a sami madaidaicin iska mai agogo tsakanin tanki da mesa. Kada a haɗa bindiga kai tsaye da injin da ba shi da wannan, irin na wasu masu facin taya. Iyakar kowace bindiga a rubuce take a jikinta ko a takardarta.

Iskar da aka matse takan tara ruwa a gindin tanki, musamman da damina. Akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tankin, a buɗe shi kowace yamma bayan an tashi aiki. In ba a yi haka ba, ruwan zai ci tankin da tsatsa, ya kuma bi mesa ya shiga bindiga. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, a riƙa share matatar injin, a kuma rufe mashigar iskar bindiga in an ajiye ta.

Bindigar da ke bukatar mai a ɗiga mata ɗigo biyu ko uku na man kayan iska a mashigarta kafin a fara aiki, a buga 'yan ƙusoshi a guntun katako don rarar man ta fita. Man injin mota bai dace ba, yana lalata zobban roba. Mesar da mai ya bi ta cikinta kuma kada a yi feshin fenti da ita.

7. Gwaji da Bugu

Gani ya kori ji. Mai saye ya tafi shago da guntun katakon MDF da ƙyallen yadin da yake aiki da shi, ya nemi a haɗa masa bindigar da iska. Da fari ya kasa kunne, in tana huci alhali ba a taɓa kunama ba, zobban robarta sun mutu. Sa'an nan ya buga ƙusa 20 a fuskar katakon, 20 a gefensa, da yadin a ɗame. In ɗaya ta maƙale ko biyu suka fito tare, ya nemi wata. Ta gwanjo ma haka za a gwada ta, a ƙara da duba bakin harshen ƙarfen ko ya cinye.

Wajen daidaita iska, a fara daga psi 60 a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Alamar daidai ita ce kafaɗar ƙusa ta kwanta ta danne yadi ba tare da ta yanke shi ba. In ta tsaya a sama, iska ta yi kaɗan. In ta nutse ta yanke zare, iska ta yi yawa.

Wajen bugu a kan aiki, a bi hanyar masu ɗaurin ganga: a kama gefe ɗaya, a ja a kama kishiyarsa, sa'an nan sauran gefuna biyu, daga nan a riƙa cike tsakani ana miƙar da tattara. Kafaɗar ƙusa ta gitta hanyar da yadi ke ja. A gefen katako a ɗan karkata ta, don ƙafafun biyu kada su faɗa layi ɗaya su tsaga shi. A gama bugu duka kafin a kwaɓa rezin, gama da zafin bazara rezin ba ya jira. Faibar da ta riga ta daskare ba a buga mata ƙusa, sai dai ƙusar ta lanƙwashe ko ta yi tsalle. Leda ko kafet da gam ake manna su a kanta, a kai bakinsu baya inda akwai katako a buga.

8. Kiyaye Haɗari

Rigakafi ya fi magani. Siririyar ƙusa in ta ci karo da abu mai tauri takan dawo da ƙarfi, ido kuwa ba shi da madadi. Mai bugu da duk wanda ke tsaye kusa da shi su sa tabaran kariya.

Hannun da ke jan yadi shi ya fi kusa da bakin bindiga, a nisanta yatsu daga inda ƙusa za ta sauka. In ƙusa ta maƙale, ko za a yi lodi, ko za a ajiye bindiga, a cire mesa tukuna. Kada a nuna wa kowa bakinta, ko da wasa.

Kada a taɓa haɗa bindiga da tukunyar iskar masu walda ko wata tukunyar gas. Iskar oksijin in ta haɗu da man da ke cikin bindiga tana iya fashewa.

Kada a buga ƙusa cikin motar kanta. Bayan bangon but da ƙarƙashin kafet akwai wayoyin lantarki, da tiyon mai, a wasu wurare kuma da jakar iskar kariya. A ciro abin da za a yi wa aiki, a kai shi kan tebur.

Tururin rezin da na asiton da ake wanke burushi da shi suna kama wuta, suna kuma sa ciwon kai. A yi aikinsu inda iska ke kaɗawa, nesa da kwampireso da janareta da mai shan taba. Maganin daskarewa kuwa ɗigo ɗaya yana iya makantar da ido. In rezin ya taɓa bindiga a goge shi nan da nan da tsumma, kada a tsoma ta cikin asiton, gama yana kumbura zobban robarta.

Abubuwan Tunawa

Ƙusa ake fara zaɓa, sa'an nan bindiga, sa'an nan injin iska. Don kama yadi a katakon MDF ana son siririyar waya, geji 20 zuwa 22, da kafaɗa mai faɗin milimita 9 zuwa 13, da ƙafa mai tsawon milimita 6 zuwa 10. A sayi bindigar da ake samun ƙusarta da kayan gyaranta a gari. A gwada ta da katako da yadin aiki kafin a biya. A sa madaidaicin iska, a zubar da ruwan tanki kullum, a kuma tsare ido.

Tambayoyi

1. Me ya sa sakin ƙusa ya fi muni sa'ad da rezin ke daskarewa?
2. Tsakanin geji 18 da geji 22, wanne ya fi siranta, kuma wanne ya dace da gefen katakon MDF?
3. Mene ne ma'anar lamba 8016 a jikin bindiga?
4. Zobe mai faɗin santimita 28 kewayensa wajen santimita 88 ne. In kewayen gindin akwatin santimita 200 ne, ƙusa nawa za a bukata in ana buga ɗaya a kowace santimita?
5. Wace alama ke nuna iska ta yi yawa, wace ce kuma ke nuna ta yi kaɗan?
6. A faɗi abu uku da za a yi kafin a sa hannu a cire ƙusar da ta maƙale, ko a ajiye bindiga a tashi aiki.